Nauyin Buhu

Mijina mai gyaran sikeli ne. Idan na faɗa wa mutane haka sai su ce au, ashe wannan ma sana'a ce? Sana'a ce mana. Da ita aka ciyar da ni shekara talatin da takwas, da ita 'ya'yanmu huɗu suka yi karatu. Duk unguwa Mai Sikeli ake ce masa, har jikokinsa. Ni Malam nake ce masa idan muna shiri, idan kuwa ba ma shiri ba na ce masa komai, ya san da shi nake.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi, tsakanin mai walda da kantin magani. Ko'ina ka duba sikeli ne. Ga na mahauta, ga na rataya da ake auna buhuna, ga 'yan ƙanana na masu sayar da zinariya, ga kuma na hawa da ƙafa, waɗanda masu jiki ke kawowa suna rantsuwa sun lalace. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani akwatin katako da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki, cike da duwatsun awo na tagulla, tun daga giram ɗaya har kilo biyar. Na yi shekara talatin da 'yan kai ban sa musu hannu ba. Ƙananan da hantsaki yake ɗauka, manyan da tsumma, wai gumin hannu yana ƙara musu nauyi.

Mutumin nan ba ya iya ganin abu bai auna shi ba. Ranar da na haifi ɗanmu na fari, ungozoma ta fito tana yi masa albishir, bai tambayi ko mace ce ko namiji ba, bai tambayi ko ina raye ba, cewa ya yi kilo nawa. Idan na yi fushi sai ya dube ni ta gefen ido ya ce na yau ya kai kilo biyu da rabi. Wani mahauci ya taɓa zuwa yana raɗa masa ya ɗan sassauta masa sikeli yadda ciniki zai yi auki, Malam ya bi shi da tsintsiya har bakin titi. Abin da yake taƙama da shi a duniya ɗaya ne: tun da ya fara aiki, babu sikelin da ya fita daga hannunsa yana ƙarya.

Aikin kuwa gaba ɗaya na ido ne. Zai ɗora dutse, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da allura, ya riƙa juya wata 'yar kusa a hankali har allurar ta zauna daram a kan layinta. Layukan nan sirara ne kamar gashi. In babu ido, babu Mai Sikeli, kuma duk abin da zan ba ku labari a kan idon nan yake.

Shekara biyar da suka wuce ya fara ganin jini idan ya zaga. Wata shida yana ɓoye mini, wai kunya. Kunyar me, ni da na san adadin haƙoran da suka rage masa? Sai da ya rame wandunansa suka fara zamewa sannan na ja shi asibiti. Aka yi gwaje-gwaje aka ce ciwon daji ne a babban hanji. Ba zan tsaya a kan wannan lokacin ba. An yi masa tiyata an yanke wani yanki na hanjin. Da ya farfaɗo, bakinsa a bushe, ya yafito likita da yatsa, duk muka matso muna jiran wasiyya. Ashe so yake ya ji nauyin abin da aka cire. Likitan ya ce tsawo suka auna, kusan santimita talatin, ba su ɗora shi a sikeli ba. Malam ya rufe ido don takaici. Har yau yana cewa bai taɓa ganin sakaci irin wannan ba, a yanki abu a jikin mutum a zubar ba a auna ba.

Daga nan aka shiga ƙarin ruwan magani, wata shida. Ya shiga asibiti da kilo saba'in da huɗu, ya fito da hamsin da shida. Amma ya fito, alhamdu lillahi.

Ranar da aka gama maganin, likitar da ke bibiyarsa, wata siririya mai tabarau wadda ba ta wuce sa'ar 'yarmu ta biyu ba, ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce waɗanda suka yi wannan ciwon sun fi sauran mutane yiwuwar kamuwa da ciwon suga a shekarun da ke biyo baya. Ta ce dalilan suna da dama: wasu magungunan da aka ba shi suna ɗaga suga, ga zaman wuri ɗaya, ga ƙibar da kan biyo bayan rama, sannan cututtukan biyu da ma gida ɗaya suke so. Ta ce a riƙa gwadawa a kai a kai, a rage zaƙi, a riƙa tattaki, domin suga ba ya sallama, a hankali yake cin ƙoda da ƙafa da ido. Ina jin ta ce ido na waiga na dubi Malam. Shi kuwa sikelin da ke bayan kujerarta yake kallo. Da ta gama ta tambaye shi ko yana da tambaya, ya ce ba shi da ita, amma sikelinta yana ƙara wa mutane giram ɗari biyu.

A mota muna komawa gida ya yi mini nasa bayanin. Wai shi ya yi layinsa ya gama. Ba a jibga duwatsu biyu a faranti ɗaya alhali ɗaya farantin babu komai. Ga mai walda can, shekara sittin ko ciwon kai bai taɓa yi ba, in ciwon suga yana neman wurin zama ai ya san hanyar shagonsa. Na ce masa cuta ba ta da sikeli. Ya ce komai yana da sikeli, ni ce ban sani ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kilo goma sha takwas ɗin nan da aka ɗebe masa. Ya ce shi mutum ne mai kilo saba'in da huɗu, haka yake tun yana saurayi, kuma sai ya koma saitinsa. Ya sa aka ɗinka masa wani majanyi na buhu, ya maƙala shi a ƙugiyar babban sikelin rataya. Kullum da safe sai ya shiga ciki ya naɗe ƙafafu, mai walda ya ja sarƙa ya ɗaga shi, yana lilo a tsakiyar shago yana tambaya nawa. Masu wucewa har sun saba, gaishe shi suke yi yana rataye.

Sannan ya zauna ya yi nazarin abin da ya fi saurin sa nauyi. Shayi da sukari cokali shida da madarar gwangwani mai kauri, sau huɗu a rana. Burodi, biskit, lemon kwalba bayan kowace loma. Kuma kada in ɗora masa laifin shi kaɗai, ni ke haɗa shayin. Mutumin da na ga ƙasusuwan haƙarƙarinsa ana ƙirgawa, yanzu kumatu sun fara fitowa, daɗi nake ji, wallahi daɗi nake ji. Maganar likita na nan a kunnena, amma na ce bari dai ya maida jiki tukuna. Cikin shekara guda ya kai saba'in da huɗu, bai tsaya ba. Da ya kai tamanin da ɗaya na yi magana, ya ce kilo bakwai ɗin gyara ce, mai awon kirki ba ya miƙa kaya babu gyara. Idan ranar komawa asibiti ta zo yakan je a duba hanjin, amma takardar gwajin suga a aljihu take kwana har in wanke ta da rigar. Daga baya ma ya daina zuwa gaba ɗaya, wai ba a kai lafiyayyen sikeli wurin gyara.

A shekara ta uku ƙishirwa ta fara. Jarka guda yake shanyewa kafin azahar, banɗaki kuwa duk rabin awa, har mai walda ya ba shi makullin nasa banɗakin. A gida na fara ganin tururuwa suna layi zuwa bayi. Na nuna masa, ya tsuguna ya duba su da kyau, ya ce sabulun da na canza suke bi.

Autarmu ce ta gaji. Tana aure layi uku a bayanmu, kuma ita kaɗai ce ta gado bakina. Ta sayo 'yar na'urar gwajin suga a kantin magani, ta zo da sassafe kafin kowa ya karya. Malam ya juya na'urar gaba da baya, ya auna ta a tafin hannu, ya ce ba za a gwada shi da ma'aunin da ba a gwada ba. Sai aka fara da ni, casa'in da biyar. Auta tamanin da takwas. Aka kira mai walda, ya miƙa yatsa yana kau da kai kamar za a yanka shi, casa'in da tara. Auta ta ce duk lafiya lau ne, in dai bai wuce ɗari ba kafin a ci abinci. Malam ya gyaɗa kai ya ce na'urar tana da hankali. Aka soki yatsarsa, ta nuna ɗari biyu da talatin.

Duk wani mai hankali da ya ga haka ai takalmi zai nema ya tafi asibiti. Malam kwana biyu ya yi yana tunani, rana ta uku ya tara mu. Ya ajiye babban kofi da ƙarami, ya zuba sukari cokali uku a kowanne, ya cika su da ruwa, ya ce in ɗanɗana in faɗi wanda ya fi zaƙi. Na ce ƙaramin. Ya ce to, sukarin ɗaya ne, kofin ne ya ragu. An yanke masa hanji santimita talatin, sugan da ya kamata ya bazu a wuri mai faɗi yanzu ya cunkushe, na'urar kuma don cikakkun mutane aka yi ta. Ya ce duk wanda ya san awo ya san ba a auna hatsi a manta da nauyin buhu. Ana cire buhu tukuna, abin da ya rage shi ne kaya. Nasa buhun, bisa binciken da ya yi, ɗari da talatin ne. In an cire, saura ɗari cif.

Auta ta ce, "Baba, wane likita ne ya faɗa maka haka?"

Ya ce, "Likitocin da ba su auna abin da suka yanka ba? Su zan tambaya?"

Daga ranar shi da kansa yake gwadawa kullum da safe, har ya fi mu son abin. Ya soki yatsa, ya karanta, ya cire buhu, ya ce ɗari, ya sha shayinsa. Da lambar ta hau ɗari biyu da sittin, buhu ya koma ɗari da sittin. Na ce wannan wane irin buhu ne kullum yana ƙara nauyi? Ya ce buhu in ya sha danshi haka yake yi, ban ga ruwan da yake sha ba?

Wata rana na same shi ya kwance na'urar a kan tebur, ya baje kayan cikinta yana neman kusar saiti. Bai samu ba. Ya ce abin da ba shi da kusar saiti ba ma'auni ba ne, mai ra'ayi ne kawai. Auta ta sayo wata, ta nuna daidai da ta farko. Na ari ta maƙwabciyarmu, ita ma haka. Ya jera su uku ya duba bayansu, ya ce 'yan gida ɗaya ne, yaushe za su ƙaryata juna a gaban baƙo.

Sai kuma nauyin ya fara sauka, ga shi ci bai ragu ba. Tamanin da ɗaya, saba'in da takwas, saba'in da shida. Ya ce jiki ne yake neman saitinsa da kansa. Ranar da ya dawo saba'in da huɗu har lemo ya saya wa mai walda. Mako uku bayan nan allura ta nuna saba'in da ɗaya, kuma wannan sikelinsa ne, da hannunsa ya saita shi, babu wanda zai ɗora wa laifi. Washegari ya cire majanyin ya ninke ya cusa a bayan akwati.

Na kai masa abincin rana na tarar da shi zaune bai taɓa aikin komai ba. Na ce Malam, tashi mu je asibiti. Ya daɗe yana goge wani dutse da tsumma, sannan ya ce, "Wancan karon ma da rama ya fara. In na sake shiga barandar asibitin nan, warinta kaɗai ya isa ya kashe ni."

Sai a lokacin na gane buhun nan ba wauta ba ce kaɗai, tsoro ne. Ya kamata in zauna kusa da shi in lallashe shi. Ban yi ba. Ni ma tsoron ne ya kama ni, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi. Na wanke shi tas, na ce in ya ga dama ya mutu a kan taurin kansa, na dire kwano na fita. Na yi kuka a hanya, kuma na daɗe ina jin haushin kaina.

Idon kuwa ya riga ya fara. Da farko ƙwan fitila ya zarga, ya canza uku a mako guda, ya ce masu yin su sun rage musu haske. Sannan ya ce masu ƙera sikeli na yanzu ba sa sa wa layi isasshen fenti. Ya sayi tabarau a bakin titi, bai yi ba, ya sayi wani, ƙarshe ya koma ɗora biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na ce masa likita ta faɗa, suga yana cin ido. Ya ce mai suga ɗari me zai ci masa ido.

Akwai ƙaramin asibiti a unguwarmu inda ake awon jarirai duk Talata. Shekara ashirin Malam yana zuwa duk bayan wata uku ya saita musu sikelin jarirai, ba ya karɓar komai, in ya gama ya manna 'yar takarda mai kwanan wata da sa hannunsa. A lokacin Auta tana goyon 'yarta ta fari, wata uku, yarinya ɓul-ɓul da ita. Wata Talata ta shigo mini gida tana kuka. Wai an auna yarinyar ta ragu da kusan giram ɗari uku a kan awon baya, nas ta yi mata faɗa a gaban mutane, ta ce ba ta ba ta nono yadda ya kamata. Auta da ba ta barin ta kwana, ranar kanta ta ɗora wa laifi. Cewa take ta yi nononta ne ba shi da kyau, ita ce take kashe 'yarta da yunwa. Mako guda ba ta ci abin kirki ba, tana zaune da yarinya a ƙirji tana dura mata har tana tumbuɗi.

Talatar da ta biyo na raka ta. A kan benci na ji abin mamaki: ashe duk jariran unguwa sun rame, kuma a mako guda. Wata ta ce ruwan famfo ne. Wata ta ce tun da aka kafa ƙarfen sabis ɗin waya a bayan makaranta yara suka daina ƙiba. Wata ta yaye mijinta daga shan madarar gida gaba ɗaya, tana zargin shi ke shanye ta yaro. Babbar nas, dattijuwa ce mai kirki in ba ta gaji ba, har ta rubuta takarda zuwa sama tana neman a zo a bincika. An zargi komai ban da sikeli, don wa zai zargi sikelin da Mai Sikeli ya sa wa hannu?

Ni dai ina riƙe da jikata, kuma kafaɗata tana gaya mini yarinyar nan ta fi watan jiya nauyi. Na tashi na leƙa 'yar takardar da ke manne a gefen sikelin. Kwana tara da saitawa.

Na miƙa wa Auta 'yarta na nufi shago. Ban jira da yawa ba, ya tashi zuwa banɗaki kamar yadda ya saba. Na jawo akwatin, na ɗauki dutsen kilo biyar da hannuna tsirara, na jefa a jakata. Yana dawowa na buɗe jakar na nuna masa, na juya na kama hanya. Ba ni ya biyo ba, dutsen ya biyo. Tun daga shago har asibiti yana bayana yana faɗa, wai na shafa masa gumi, wai na haɗa shi da makullai da man shafawa, wai shekara hamsin dutsen nan bai ga wulaƙanci irin na yau ba. Ni kuwa jaka tana neman tsinke mini kafaɗa, ban tsaya ba.

Na shiga ɗakin awo na roƙi nas ta ɗaga jaririn da ke kai. Na ɗora dutsen a farantin. Allura ta juya ta tsaya. Na ce, "Malam, karanta mana."

Ya harare ni, ya gyara tabaransa biyu, ya tsuguna kamar yadda ya saba. Ya daɗe. Matan da ke bakin ƙofa duk suna leƙowa. Can ya ce biyar daidai.

Nas ta ce a hankali, "Baba, huɗu ne da ɗari shida."

Bai dube ta ba. Ya kira Auta ya ce ta zo ta karanta. Ta sunkuya da yarinya a kafaɗa, ta faɗi abin da nas ta faɗa. Ya rufe idon hagu da tafin hannu ya duba, ya rufe na dama ya duba. Ya cire tabaran duka biyu ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Allura biyu nake gani. Ranar da na saita shi ma biyu na gani, sai na zaɓi ta dama."

Wallahi da na san haka zuciyata za ta yi, da ban yi masa a gaban mutane ba. Amma da na yi masa a ɓoye, da ya samo wani buhun. Ya tambayi nas jarirai nawa aka auna tun ranar. Ta duba littafinta ta ce arba'in da uku. Ya dubi Auta, ya dubi yarinyar, ya je ya zauna a kan benci a tsakiyar mata masu goyo, suka matsa masa. Sannan ya miƙa wa nas yatsa ya ce ta gwada shi, abin da ya nuna shi ne. Ya nuna ɗari uku da arba'in. Na tsaya ina jiran in ji nauyin buhu, bai cire ko ɗaya ba.

Washegari muka koma babban asibiti. A bakin barandar nan ya tsaya, na kama hannunsa, abin da ban taɓa yi a gaban jama'a ba, muka wuce. An yi gwaje-gwaje kusan mako biyu. Ciwon dajin bai dawo ba, sugan ne ke cinye shi. Likitar nan mai tabarau ba ta ce ai na faɗa muku ba, ni na faɗa a madadinta, sau uku. Ta ɗora shi a kan magani, ta tura mu wurin likitan ido. Da za mu fita ya dubi sikelin da ke bayan kujerarta, ya buɗe baki, sai kuma ya ce a bar shi, wataƙila daidai yake.

Da sugan ya sauka, idon dama ya washe cikin wata biyu. Na hagu bai dawo duka ba, an ce akwai inda ya riga ya taɓu, ana dai ƙoƙarin kada ya ƙaru. Da mun je tun ranar tururuwa, wa ya sani. Ba na faɗa masa haka, don ni ke haɗa shayin.

Sikelin jarirai kuwa ba a jira ido ba, a makon nan muka koma. Shi ya ɗora dutse yana juya kusa, ni na tsuguna ina cewa ƙara kaɗan, koma baya, ya isa. Da ya gama ya sa hannu a takardar, ya miƙo mini biro ya ce in sa nawa a ƙasa. Sannan ya roƙi nas ta sanar da matan su dawo a sake awo, ya tsaya a bakin ƙofa Talata uku a jere. Duk wadda ta fito sai ya ba ta haƙuri, ya leƙa fuskar jaririn ya ba shi nasa haƙurin daban, ya faɗa masa giram nawa ya tauye masa. Wadda ta hana mijinta madara ta ce ita dai ba za ta janye dokar ba. Auta ce ta ƙarshe. Ita kuwa, ya karɓi yarinyar ya riƙe ta a hannu biyu ya ɗan jijjiga, ya ce biyar da ɗari takwas. Aka ɗora ta, haka allura ta nuna.

Yanzu a shago nake wuni. Ya sa mai walda ya yi mini 'yar kujera daidai tsayin allura. Duk aiki mai siririn layi ni ke karantawa, shi yana juya kusa, muna faɗa kamar kullum. Har yau ba ya barina in ɗauki ƙananan duwatsun sai da hantsaki. Shayinsa babu sukari, yana sha yana ɓata fuska yana cewa an cuci ruwan zafi. Da yamma muna zaga unguwa da ƙafa, yana ƙirga taku.

Yau da safe, kafin ya karya, ya miƙo mini yatsa kamar yadda muka saba. Na soka, na ɗiga, muka jira.

Ya ce, "Nawa?"

Na ce, "Ɗari da ashirin da takwas."

Ya tsura wa bango ido. Na san abin da ke yawo a kansa, na gyara zama ina jiransa.

Ya ce, "Rubuta shi haka."